Jaririn da Ya Zauna a Ciki: Yadda Ake Juya Shi Kafin Haihuwa

Bayani ga jama'ar ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa

Gabatarwa

Yadda aka saba, idan ciki ya kai watan haihuwa jariri yakan juyo da kansa ƙasa, ya fuskanci ƙofar fita, ƙafafunsa suna sama. Wannan ita ce kwanciyar da ta fi sauƙi ga uwa da abin da take ɗauke da shi, domin kai shi ne gaɓa mafi girma da tauri a jikin jariri. Idan kai ya buɗe hanya ya wuce, sauran jiki yakan biyo baya ba tare da wahala ba.

Amma akan sami jaririn da lokacin haihuwa zai ƙarato alhali yana zaune a cikin mahaifa, kansa yana sama a ƙarƙashin haƙarƙarin uwa, ɗuwawunsa ko ƙafafunsa suna ƙasa. Shi ne wanda mata kan ce ya zo da ƙafa, ko ya zo a zaune. A cikin kowace haihuwa 100 da ta cika watanninta, akan sami uku zuwa huɗu masu irin wannan kwanciya. Ke nan babu wata gunduma a ƙananan hukumomin nan huɗu da shekara za ta zagayo ba a sami irin wannan ciki a cikinta ba.

Akwai hanyar da likitoci suke bi su juya irin wannan jariri tun kafin naƙuda ta tashi. Sai dai lokacin yin aikin ƙanƙane ne, bai wuce 'yan makonni ba, kuma a asibiti kaɗai ake yin sa. Manufar wannan bayani ita ce magidanta, da mata masu juna biyu, da ungozomomi, da masu unguwanni, da jami'an ƙananan hukumomi su san wannan lokaci domin kada ya wuce su.

Yaushe Ne Zaman Jariri Yake Zama Abin Damuwa?

A tsakiyar ciki jariri yana da fili, yana juyi yadda ya ga dama. A mako na 28, wato wajen wata na bakwai, kusan jariri ɗaya cikin huɗu ko biyar a zaune yake, kuma wannan ba matsala ba ce. Mafi yawansu sukan juya da kansu kafin mako na 36. Saboda haka idan aka yi wa mace hoton ciki a wata na shida ko na bakwai aka ce ɗanta a zaune yake, kada hankalinta ya tashi. Abin da ake buƙata a gare ta shi ne ta ci gaba da zuwa awo.

Daga mako na 36, wato ƙarshen wata na takwas zuwa shigar na tara, jariri ya cika mahaifa, wurin juyi ya ragu. Kaɗan ne daga cikin waɗanda suka kai wannan lokaci a zaune suke juyawa da kansu, musamman ga mai cikin fari. A nan ne ake buƙatar ɗaukar mataki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a shekarar 2016 cewa mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau takwas kafin ta haihu, kuma uku na ƙarshe su kasance a mako na 36, da na 38, da na 40. Mata da yawa sukan je awo sau ɗaya ko biyu su karɓi kati da maganin ƙarin jini, sa'annan su zauna a gida idan ciki ya yi nauyi. Alhali kuwa awon mako na 36 shi ne wanda malamar asibiti take tabbatar da kwanciyar jariri. Wadda ta rasa wannan awo, sau da yawa ba a gane ɗanta a zaune yake ba sai tana kan gwiwa.

Dalilai da Alamomi

Sau da yawa ba a samun wani dalili na musamman. Amma akwai abubuwan da suke ƙara yiwuwar hakan: naƙudar da ta tashi kafin lokaci, kamar ta bakwaini; cikin tagwaye; yawan ruwan mahaifa ko ƙarancinsa; ƙari a mahaifa; mahaifar da ƙirarta ta bambanta tun daga halitta; da kuma mabiyiya da ta sauko ta tare ƙofar mahaifa. Macen da ta yi haihuwa da yawa, mahaifarta da fatar cikinta sun saki, ita ma ɗanta yakan daɗe bai tsaya a kwanciya ɗaya ba. Wadda ta taɓa haifar jariri a zaune tana iya sake yin haka.

Ya kamata a sani cewa wannan ba laifin uwa ba ne. Ba daka ko surfe ko ɗaukar ruwa ne yake jawo shi ba, ba kuma irin kwanciyar da take yi da dare ba. Kada miji ko dangin miji su ɗora mata laifin abin da ba ta da iko a kansa.

Wata macen takan ji wani abu mai tauri, zagayayye, yana tokare mata haƙarƙari, tana kuma jin shurin jariri a can ƙasan mara. Wannan alama ce kawai. Tabbaci yana samuwa ne idan ma'aikaciyar lafiya ta lalluba cikin da hannu, ta saurari inda bugun zuciyar jariri yake fitowa, sa'annan aka yi hoton ciki. Hoton ne yake nuna irin zaman: ko ƙafafu sun miƙe sama zuwa fuska, ko sun tanƙwashe kamar mai zaman harɗe, ko kuwa ƙafa ɗaya ko biyu sun zuro ƙasa. Wannan na ƙarshe shi ya fi haɗari. Akwai kuma jaririn da yake kwanciya a gicciye, wanda ba ya fita ta hanyar da aka saba ko kaɗan sai an juya shi ko an yi tiyata.

Haɗarin Haihuwar Jariri a Zaune

Idan jariri ya zo a zaune, gaɓar da ta fi girma ita ce take fitowa a ƙarshe. Jiki yana iya zamewa ya fito tun ƙofar mahaifa ba ta gama buɗewa ba, kai kuwa ya maƙale. A wannan hali igiyar cibiya, wadda ta cikinta jariri yake samun iska, tana matse tsakanin kansa da ƙashin ƙugun uwa. 'Yan mintoci kaɗan sun isa a rasa jaririn, ko ƙwaƙwalwarsa ta sami lahanin da zai bi shi har girma. Haka kuma idan faya ta fashe, igiyar cibiya tana iya rigan jariri fitowa. Jan jariri da ƙarfi kuwa yana iya karya masa hannu ko cinya, ko ya shanye masa jijiyar kafaɗa, uwa kuma ta yage ta zubar da jini.

A shekarar 2000 an wallafa sakamakon wani babban bincike da likitocin ƙasar Kanada suka jagoranta, wanda ya ƙunshi mata 2,088 a ƙasashe 26. An gano cewa a cikin jariran da aka shirya haifarsu a zaune ta hanyar da aka saba, kashi 5 cikin 100 sun rasu ko sun sami mummunar illa, alhali a cikin waɗanda aka shirya wa tiyata adadin bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Tun daga nan asibitoci da yawa a duniya suka koma yi wa masu irin wannan ciki tiyata.

To amma tiyata ma tana da nata nauyin. Binciken lafiyar iyali na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa a shiyyar Arewa maso Yamma mace takan haifi 'ya'ya fiye da shida a rayuwarta. Wadda aka yi wa tiyata a cikin fari, tabon yana nan a mahaifarta, kuma duk haihuwar da za ta yi nan gaba wajibi ne ta kasance a asibitin da yake da ɗakin tiyata, domin tabon yana iya ɓarkewa a lokacin naƙuda. Wannan shi ya sa juya jariri yake da muhimmanci ƙwarai a wurinmu. Idan aikin ya yi nasara, an kauce wa haɗarin haihuwa a zaune, kuma galibi an kauce wa tiyata.

Yadda Likita Yake Juya Jariri

Hanyar da bincike ya fi tabbatar da amfaninta ita ce juya jariri ta waje, wadda likitoci suke taƙaita sunanta da ECV. Ba a yanka, ba a kuma sa hannu ko wani ƙarfe a cikin jikin mace. Ga mai cikin fari akan yi shi daga mako na 36, ga wadda ta taɓa haihuwa kuwa daga mako na 37. Dalilin jiran wannan lokaci shi ne, kafin nan jariri yana iya juyawa da kansa ko ya koma yadda yake bayan an juya shi, sa'annan idan wata matsala ta taso aka ciro shi, ya riga ya yi ƙwari.

Ga yadda aikin yake gudana:

1. Za a yi hoton ciki domin a tabbatar da kwanciyar jariri, da wurin da mabiyiya take, da yawan ruwan mahaifa.
2. Za a auna hawan jinin uwa, a saurari bugun zuciyar jariri na wani lokaci.
3. Akan yi wa uwa allurar da take sassauta mahaifa. Allurar takan sa faɗuwar gaba da rawar hannu na ɗan lokaci, sa'annan su wuce.
4. Uwa za ta kwanta, likita ya ɗora hannu ɗaya ya ɗago ɗuwawun jariri daga ƙugu, ɗaya hannun kuma ya riƙa karkato da kan a hankali, har jariri ya yi alkafura kansa ya dawo ƙasa.
5. Juyin kansa ba ya wuce 'yan mintoci. Akwai jin matsi da ɗan zafi. Idan zafin ya yi yawa, ko bugun zuciyar jariri ya sauya, likita zai dakata.
6. Bayan an gama za a sake sauraron zuciyar jariri kafin a sallami uwa. Wadda rukunin jininta yake negetif akan yi mata allurar Anti-D.

Kusan rabin matan da aka yi wa wannan aiki ake samun nasara a kansu: kimanin 40 cikin 100 ga masu cikin fari, da kimanin 60 cikin 100 ga waɗanda suka taɓa haihuwa. Jariran da suke komawa zaune bayan an juya su ba su kai biyar cikin 100 ba. A wajen mace ɗaya cikin 200 kuwa, akan sami zubar jini ko sauyin bugun zuciyar jariri da zai sa a shiga da ita tiyata nan take. Saboda wannan mace ɗaya ne ba a yarda a yi aikin ba sai a asibitin da yake da na'urar hoto, da ɗakin tiyata a shirye, da jinin ƙari.

Ba a juya jariri idan mabiyiya ta tare ƙofar mahaifa, ko mace ta ga jini a 'yan kwanakin nan, ko faya ta riga ta fashe, ko tagwaye ne, ko bugun zuciyar jariri ba daidai yake ba, ko kuma akwai wani dalili da zai sa dole a yi tiyata ko da an juya shi. Wadda aka taɓa yi wa tiyata, da mai hawan jini, da wadda ruwan mahaifarta ya yi kaɗan, likita ne zai duba ya yanke hukunci.

Bayan an koma gida, idan mace ta ga jini, ko ruwa ya zubo, ko ciwon ciki ya tsananta, ko motsin jariri ya ragu, a mayar da ita asibiti a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne.

Sauran Hanyoyin da Ake Ambata

Akwai masu ba mata shawarar su durƙusa, ƙirji a ƙasa ƙugu a sama, ko su kwanta rigingine su tokare ƙugu da matashi, na 'yan mintoci kowace rana. Binciken da aka yi bai tabbatar da cewa wannan yana juya jariri ba. Mai hawan jini ko mai ganin jiri ko jini kada ta gwada. Wadda take da lafiya kuma take so ta yi, ta fara tambayar malamar awo, kuma kada hakan ya hana ta zuwa wurin likita a kan lokaci.

A ƙasar Sin akwai wata daɗaɗɗiyar al'ada ta ƙona wani ganye kusa da ƙaramin yatsan ƙafar mai ciki, ɗumin yana taɓa yatsan. Wasu bincike sun nuna tana iya ƙara yiwuwar juyawar jariri, amma ba su tabbatar da cewa tana rage yawan tiyata ba. Masu yin ta horo suke samu, kuma ba ta da alaƙa da turare ko hayaƙin da ake yi a gida.

Abubuwan da ake gargaɗin jama'a su guje musu su ne: murza ciki ko danna shi da ƙarfi domin a gyara kwanciya, ɗaure ciki da zane, girgiza mai ciki ko ɗaga ta ƙafafu sama, shan jiƙo ko sassaƙe domin jariri ya juya, da allurar naƙuda da ake saya a kemis. Ungozoma komai ƙwarewarta hannunta ba ya ganin inda mabiyiya take, ba ya kuma jin lokacin da igiyar cibiya ta naɗe wuyan jariri. Danna ciki a makance yana iya ɓamɓare mabiyiya daga jikin mahaifa, jini ya ɓalle a ciki, a rasa uwa da ɗa. Yankan gishiri kuwa ba ya buɗe wa jariri hanya, illa ya jawo zubar jini da yoyon fitsari. Addu'a abu ce mai kyau, kuma ba ta hana neman magani. A yi addu'ar, a kuma kama hanyar asibiti.

Idan Jariri Bai Juya Ba

Likita yana iya sake gwadawa bayan 'yan kwanaki. Idan abin ya ƙi, hanya biyu ce ta rage. Ta farko ita ce tiyatar da aka tsara, wadda akan yi a wajen mako na 39. Tiyatar da aka sa wa rana, aka tanadi jini, uwa ta zo da ƙarfinta, ta fi aminci nesa ba kusa ba a kan wadda ake yi wa macen da ta kwana biyu tana naƙuda. Ta biyu ita ce haihuwa a zaune a asibiti, a hannun likita ko ungozomar asibiti da ta ƙware, idan jaririn bai cika girma ko ƙanƙanta ba, ƙafarsa ba ta zuro ba, kuma ɗakin tiyata yana kusa. Haihuwa a gida ba ta cikin zaɓi.

Bayan an haihu, a tunatar da ma'aikatan lafiya su duba ƙugun jaririn, domin waɗanda suka daɗe a zaune sun fi yawan samun gocewar ƙashin ƙugu, kuma gyaransa yana da sauƙi idan an gano da wuri.

Idan kuwa naƙuda ta tashi a gida aka ga ƙafa ko ɗuwawu ya fara fitowa, kada kowa ya ja. A nemi mota nan da nan. Idan igiyar cibiya ce ta leƙo, kada a tura ta ciki, kada a yi ta taɓa ta. Mace ta durƙusa kamar mai sujada kafin mota ta zo, a cikin mota kuma ta kwanta ta gefen hagu a tokare ƙugunta ya yi sama.

Nisan Hanya da Shirin Tafiya

Binciken 2018 da aka ambata ya nuna cewa kusan mace ɗaya ce kawai cikin biyar take haihuwa a asibiti a Jihar Kano. Ga yankin nan kuma akwai batun nisa. Mutumin Kiru ko Bebeji yana kusa da babban titin Kano zuwa Zariya. Amma wanda ya taso daga Riruwai ko wani ƙauye na Doguwa sai ya ratsa dajin Falgore, ya wuce Tudun Wada, ya ɓullo Kwanar Dangora, kafin ya miƙe zuwa birnin Kano, tafiyar da ta haura kilomita ɗari. Da damina kuwa wasu hanyoyin ƙauyuka ba sa biyuwa. Irin wannan tafiya da rana ake yin ta, mace tana zaune lafiya a mako na 36, ba da dare tana naƙuda ba.

Tsarin shi ne a fara da asibitin gunduma inda ake awo. Idan malamar awo ta yi zargin jariri a zaune yake, za ta rubuta takardar turawa zuwa babban asibiti mafi kusa, kamar na Tudun Wada, ko na Doguwa, ko na Tiga, domin a yi hoto likita ya gani. Ba kowane asibiti ne yake juya jariri ba, saboda haka miji ya tambayi likita kai tsaye: shin za a iya juya shi, kuma a ina? Idan da buƙata za a tura su Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Wadda gidanta yake da nisa kuma ɗanta bai juya ba, ya fi kyau ta koma wurin 'yan'uwa kusa da asibiti tun kafin watan ya tsaya. Mai cikin fari da za ta tafi goyon ciki gidan iyayenta ta riƙe katin awonta, ta ci gaba da awo a can.

Game da kuɗi, Jihar Kano ta fara shirin kula da masu juna biyu kyauta a asibitocinta tun shekarar 2001, kuma a watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ba da sanarwar tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Magidanci ya tambayi asibitin da aka tura shi abin da waɗannan shirye-shirye suka ɗauke masa, sa'annan ya tanadi kuɗin mota da na abinci, da mutum biyu daga dangi waɗanda za su iya ba da jini.

Kira ga Shugabanni da Jama'a

Ana kira ga magidanta da su ba matansu izinin zuwa awo da asibiti tun da wuri, izinin da zai yi aiki ko suna gida ko sun tafi kasuwa ko cirani, su kuma sanar da iyayensu mata haka.

Ana kira ga ungozomomi da su ɗauki rakiyar mace zuwa asibiti a matsayin aikinsu. Ungozomar da ta lalluba ciki ta ji kai a sama ta ce a tafi asibiti, ta ceci rai biyu, kuma ta cancanci yabo a gaban jama'a.

Ana kira ga hakimai, da dagatai, da masu unguwanni, da limamai, da su riƙa tunatar da jama'a muhimmancin awon wata na tara a masallatai da wuraren suna da ɗaurin aure.

Ana kira ga shugabannin sashen lafiya na ƙananan hukumomi da su tabbatar kowace malamar awo tana rubuta kwanciyar jariri a kati daga mako na 36, tana da takardun turawa, tana kuma bibiyar wadda ta tura domin ta san ko ta je. Kwamitocin raya gundumomi su zauna da reshen ƙungiyar direbobi ta NURTW na yankinsu, a ware direbobin da za a iya tasa da dare, a rubuta lambobinsu a bangon asibiti da ƙofar gidan mai unguwa.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Jaririn da aka gano a zaune a mako na 36 yana da damar a juya shi, idan bai juyu ba a shirya masa haihuwa cikin natsuwa. Duk mai cikin da ta shiga wata na tara ta je awo a wannan mako, ta tambayi malama: ina kan ɗana yake?

Allah Ya sauki mata masu juna biyu lafiya, Ya raya abin da suka haifa, amin.